Yadda ake kankare tsohon fenti a dandamalin katako a sabunta shi

Dandamalin katako na waje, irin wanda ake shimfiɗawa a baranda ko wurin shan iska na otal, ba ya riƙe fenti kamar ƙofa. Ƙofa a tsaye take, ruwa na zuba ya wuce. Shi kuwa a kwance yake, ruwa ya kwana a kansa, rana ta gasa shi, ƙafa ta taka. Danshi na shiga ta bakin katakon da aka yanka, da ramukan ƙusa, da ta ƙasa. Rana na takewa sai ya nemi mafita, ya tura fentin ya kumbura ya ɓare. Wanda ya shafa sabo a kan wannan, da wuya aikinsa ya wuce damina ɗaya.

Kafin a sayi komai, a bi katakon ɗaya bayan ɗaya da sukundireba ana dannawa. Inda ta nutse kamar an soki burodi, ruɓa ce ko gara, sai dai a canja shi. A leƙa ƙasa a duba ginshiƙan da ke ɗauke da shi, domin can gara ke fara gini. Ƙusoshin da suka ɗago a mayar da su ciki da kamar milimita 2, in ba haka ba za su yayyaga samfefa.

Sai a gane irin fentin. A jiƙa tsumma da sifirit a goga a wuri guda. In launi ya biyo tsumman, fentin ruwa ne. In bai motsa ba, na mai ne. Tsohon fentin mai na iya ɗauke da dalma. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje tun 1978, amma ƙasashe da yawa sun daɗe suna sayar da shi bayan nan, kuma wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ƙurarta ba. Irin wannan fenti ba a goge shi a bushe, ba a ƙona shi da wuta. A shimfiɗa leda a tattara ɓawon, yara da masu juna biyu su nisanci wurin. Haka katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓa da gara na CCA, mai ɗan kore-kore, akwai gubar arsenik a cikinsa, kada a sa guntayensa a murhu.

Maganin cire fenti kashi biyu ne. Mai soda, wato sodar da ake haɗa sabulu da ita, yana narkar da fentin mai sosai, amma bai cika iya fentin ruwa ba, kuma yana baƙanta katako irin su iroko da maɗaci. Mai son haɗawa da kansa ya zuba sodar cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba, a bokitin roba, don tana cin alminiyam. Kashi na biyu shi ne mai kauri na gwangwani, wanda ya fi dacewa da fentin ruwa. A karanta jikin gwangwanin: in akwai sinadarin methylene chloride, tururinsa na kisa a rufaffen wuri, Amurka ma ta hana sayar wa jama'a shi a 2019. Safar hannu ta roba mai kauri, tabarau da takalmi rufaffe wajibi ne.

Yawancin masu cewa magani bai yi aiki ba, bari suka yi ya bushe. Yana ci ne muddin yana da danshi. A shafa shi da kauri, a kan murabba'in mita 2 ko 3 kawai a lokaci guda, da sassafe ko a inuwa, sannan a lulluɓe da leda. Bayan minti 20 zuwa 30 a ɗaga gefe a gwada da ƙarfen kankara. In fentin ya yamutse ya taso kamar fatar tumatir da aka tafasa, ya nuna. In yana gardama, a mayar da ledar. Ana kankara ne bisa tsawon katako, hannu a kwance don kada bakin ƙarfen ya yi rami. Fentin da aka maimaita sau uku ko huɗu sai an koma masa zagaye na biyu. Burushin waya na ƙarfe a ajiye shi: ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa, ya bar ɗigo-ɗigon baƙi.

Wanki da injin feshi irin na masu wankin mota na rage wahala, amma shi ne ya fi lalata katako. Ƙarfinsa kada ya wuce psi 1,200 (psi ma'aunin ƙarfin feshi ne), katako mai taushi ma rabin haka ya isa. A sa bakin da ke baza ruwa, a nisanta shi santimita 30, kada hannu ya tsaya wuri ɗaya. Wanda ya yi amfani da soda ya bi bayanta da ruwan sinadarin oxalic acid, kamar giram 30 a lita ɗaya, ya bar shi minti 15 ya ɗauraye. Shi ke kashe kaifin sodar ya dawo da hasken katako, har da tabon ƙusa yake cirewa. In aka tsallake, sodar da ta rage za ta ci sabon shafin daga ciki.

Daga nan sai haƙuri, kwana 2 zuwa 3 na rana ba ruwan sama. Mai na'urar awon danshi ya jira ta nuna ƙasa da kashi 15. Wanda ba shi da ita ya manna leda a kan katakon da safe. In da yamma ya ga ta yi gumi, da saura.

Guga da samfefa mai lamba 60, sannan 80, a tsaya nan. Mai laushi fiye da haka tana toshe ƙofofin katako, mai ya kasa shiga, ga santsi in ruwa ya zuba. A sa takunkumi, ƙurar iroko na sa tari da ƙaiƙayi. A sassoke tsagar da ke tsakanin katakai, ta koma milimita 5 ko 6, don ta nan ruwa ke sauka. A share, a ɗiga ruwa: in ya shige cikin minti ɗaya ko biyu, katako ya shirya.

Abin shafawa mafi dacewa shi ne man katako mai shiga jiki, mai ɗan launi, domin launin ne ke tare hasken rana. Banish da fenti ɓawo suke yi a sama, kuma ɓawo ne aka gama fama da shi. Lita ɗaya kan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafin farko. A ɗauki katako 2 ko 3 a bi su daga farko har ƙarshe ba tsayawa, don kada mahaɗa ta fito, a kuma shayar da bakin yanka sosai. Bayan minti 15 zuwa 20 a goge duk man da bai shige ba. Wanda aka bari a sama zai yi danƙo na makonni yana kwasar ƙura. A arewacin Najeriya lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazon hunturu ya sauko.

Tsumman da aka goge mai da shi, musamman man linsid (linseed oil), na iya kama wuta da kansa in aka dunƙule shi. A shanya shi a buɗe ko a jefa cikin bokitin ruwa. Bayan shafi, kwana ɗaya kafin a taka dandamalin, kwana 3 kafin a mayar da kujeru. Duk shekara a sake gwajin ɗigon ruwa. Ranar da ya shige nan take, wanki da shafi ɗaya sun wadatar, ba sai an kankare ba.