Yadda ake raya fako da tassa

Gonar da baba ya bar mana a gefen Badagishiri, a jihar Tawa ta Nijar, rabinta fako ne. Wanda ya san ƙasar Adar ya san abin da nake nufi: ƙasa ja, ta daskare kamar daɓe, in ka sara mata diga sai ta yi ƙara ta dawo maka a hannu. Ruwan sama in ya zubo ba ya tsayawa bare ya shiga, sai ya gangara kwari da ɗan sauran ƙasa mai rai. Ni malamin makaranta ne a nan Tawa, amma shekara takwas ke nan duk rani ina komawa gida in haƙa tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwan sama, a fakon nan, kuma wurin da ko tsiro ba ya yi yau muna ɗaure damman hatsi a cikinsa.

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya dama ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce lalacewar ƙasa ta kai kashi 40 cikin 100 a faɗin duniya, a kan haka ma aka yi babban taro a Riyad ta Saudiyya a watan Disamba na 2024. Tun 2007 kuma Tarayyar Afirka ta ɗauki shirin ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, da burin raya hekta miliyan 100 kafin 2030. Ina son wannan buri har zuciyata. Sai dai in aka ce hekta ɗaya, ni abin da nake gani shi ne rami wajen dubu goma, kowane da hannu aka haƙa shi, kowane kuma yana jiran takinsa.

Tassa ba baƙuwa ce a wurinmu ba, kakanni sun san ƴan ramukan shuka. Amma irin wadda muke yi yanzu, mai faɗi da taki a ciki, ta yaɗu ne bayan da aka kai wasu manoman Illela ta nan Adar yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989, suka ga abin da Mosawa ke kira zai. A can ne wani manomi, Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a Disamban 2023, ya mai da fako daji da irin waɗannan ramuka. Manoman suka dawo suka gwada a gonakinsu, maƙwabta suka gani da ido suka ɗauka.

Kafin ka taɓa diga, ka san inda ruwa ke bi a gonarka. Mafi kyau ka tsaya a bakin gonar da damana lokacin da ake sheƙa ruwa, ka bi shi da ido. In ka makara, kawuna ya nuna mani wata hanya. Ya sa na ɗauko bokiti cike da ruwa, ya zube shi gaba ɗaya a tsakiyar fakon, muka tsaya muna kallon ruwan yana rarrafe yana nufar kudu maso yamma, alhali ni da ido na rantse wurin a daidaite yake. Ya ce mani, "Ɗana, ruwa ba ya ƙarya, bi shi kawai." A wuri uku ko huɗu za ka yi haka, domin gona guda kan karkata ta fuska biyu.

Lokacin haƙa shi ne bayan an kai amfanin gona gida, cikin sanyi, daga Disamba zuwa Maris. Wanda ya bari har zafin Afrilu ya kama, diga za ta gagare shi tun hantsi. Faɗin rami ya zama santimita 30 zuwa 40, wato taƙi ɗaya da rabi zuwa biyu, zurfinsa kuma 15 zuwa 20. Tsakanin rami da rami a bar taku guda na babban mutum. Layi na biyu kada ya zo daidai bayan na farko, a goce shi, yadda kowane ramuka uku za su zauna kamar duwatsun murhu. Ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyun sama sai ya faɗa na ƙasa.

Ƙasar da ka fitar daga ramin, ka tara ta ta ƙasan ramin, ɓangaren da ruwa ke gangarawa, ka lanƙwasa ta kamar jinjirin wata, bakin ramin ya buɗe ta inda ruwa ke zuwa. A nan na yi ɓarna shekarar farko. Na ɗauki wasu samari biyu aiki, na koma makaranta ban tsaya na nuna masu da kyau ba, suka tara ƙasar ta sama. Ruwan farko da ya sauka ya kwashe ta ya mai da ramukan, sauran kuma ya kewaye su ya wuce. Na tsaya a gonar na ga layi bayan layi a cike da laka ta bushe, kuɗin ƙwadago sun tafi, damana kuma ta riga ta kama.

Sai taki, kuma a nan nake so a tsaya a saurare ni, domin yawancin masu cewa sun gwada tassa ba ta yi ba, a nan suka faɗi. Rami babu taki ruwa kawai zai riƙe, hatsi zai fito ya yi ja ya tsaya. Kowane rami yana son tafi ɗaya zuwa biyu na ruɓaɓɓen taki, in ka lissafa hekta guda sai ta ci tan uku ko fiye. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙone tsiro, musamman in ruwa ya ɗauke bayan shuka. Ni a bayan gida muke da rami, inna tana zuba sharar turke, toka, ƙaiƙayi da ruwan wanke-wanke tun kaka, ana juya shi lokaci-lokaci har ya yi baƙi, wari ya bar shi. In kana da fahimta da Fulani, tsohuwar yarjejeniyar nan ta su kwana da garke a gona ka ba su hatsi tana nan da amfaninta.

A zuba takin wata ɗaya ko biyu kafin ruwa, cikin Afrilu ko farkon Mayu, a yayyafa masa ƴar ƙasa don kada iska ta ɗauke. Dalilin zubawa da wuri gara ce. Mun saba ɗaukarta abokiyar gaba saboda rumbu da azara, amma a fako ita ce ma'aikaciyar da ba a biya. Ƙamshin taki ke jawo ta, ta huda ƙasan ramin da ƙananan hanyoyi, ruwa ya bi su ya nutse can ƙasa inda rana ba ta iya shanye shi. Na taɓa tone rami ɗaya da hannu a watan Yuni don in gani, na tarar ƙasansa ya yi kamar saƙar zuma, da sanyin laima, alhali taku guda daga nan fakon yana ƙona tafin ƙafa. Iskar rani ma tana taimakawa, tana share ganye da yashi tana zuba su a ramukan.

Kada ka yi shuka da yayyafin farko. Jira ruwa mai ƙarfi, kamar milimita 20, wanda ya jiƙa ramin har ƙasa. Hatsi ko dawa, duk suna yi, in sun tashi a rage a bar ƙafa uku. Ciyawa kuma cikin ramin kawai za ka nome, tsakani fako ne ba ya fid da komai, kuma haka ake so ya zauna don ya tura wa ramukan ruwa. Takin yakan kai shekara biyu, sannan a yashe ramin a ƙara.

Rabin wata ɗan'uwan tassa ne babba, rami ne mai wannan siffa, faɗinsa mita 4, ana samun 313 a hekta, ya fi dacewa da fili mai faɗi ko wurin da ake son ciyawar dabbobi. Ƙa'idar ɗaya ce, baki ya fuskanci ruwa. In akwai duwatsu kusa, a jera su a ƙetare gangaren ta saman gonar don su karya ƙarfin ruwa. Mutanen Keita a nan jihar Tawa sun ƙware a wannan tun aikin raya ƙasa da aka fara can a 1984.

Kada a wahalar da kai a jigawa, yashi zai cike ramukan kafin damana. Haka fadama mai laka inda ruwa ke kwanciya. A damanar 2024 da ruwa ya yi yawa a Nijar, ramukana na can ƙasan gonar sun kwana da ruwa har dawar ta ruɓe, na sama kuwa suka yi kyau. Tun daga nan na rage wa na ƙasan zurfi, ina kuma shuka a gefen ramin, ba tsakiya ba.

Aikin da nauyi, ba zan ɓoye ba. Hekta guda takan ci wajen awa 300 na haƙa, kuma lokacin ya zo daidai da tafiyar samari cin rani Abijan, Libiya ko Najeriya. A ƙauyenmu mata da tsofaffi ne ke riƙe da diga. Saboda haka kada ka ce sai ka gama gonar a rani guda. Ɗauki kwata, ka cika ta da taki sosai, baɗi ka ƙara. In ana gayya a unguwarku, gida biyar su haɗu, yau gonar wannan gobe ta wancan, ya fi kowa ya yi ta fama shi kaɗai.

Shekara ta biyu za ka ga ƴan itatuwa na tsirowa cikin ramukan, irinsu ya zo ne a kashin awaki: gawo, bagaruwa, aduwa, magarya. Kada ka nome su. Zaɓi masu ƙarfi ka sassabe rassan ƙasa, ka kafa masu ƙaya saboda awaki. Irin wannan kiyaye tsiro, da masanin noma ɗan Ostireliya Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maradi a 1983, shi ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Gawo musamman a bar shi, domin da damana yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa.

Abu na ƙarshe ya shafi takarda. Fako muddin yana fako ba mai waiwayarsa, amma ran da ya fid da zangarniya masu shi kan yi yawa. In aro ne ko saye ko gado da ba a raba ba, ka je wurin mai gari da kwamitin kula da filaye na ƙauyenku, a rubuta iyaka gaban shaidu tun kafin ka haƙa ramin farko. Ka duba kuma kada layinka ya ci burtali. Mu sai da muka koma muka cike layi shida na gefen gabas da hannunmu, bayan dattawa sun zo sun nuna mana tsohuwar hanyar shanu.