Allurar hoto ga mai raunin garkuwar jiki: inda ake tafka kuskure

Mai ciwon suga, mai ƙanjamau, ko wanda ke karɓar maganin ciwon daji, idan aka turo shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ɗaukar hoton CT ko MRI, sau da yawa sai an ɗura masa wani ruwa ta jijiya don hoton ya fito sarai. Na CT aidin ne a cikinsa, na MRI kuma gadoliniyam.

Wasu dangi kan ce, "Likita, jikin baba ba ƙwari, a yi hoton haka nan." Ga irin wannan majinyaci ne ruwan ya fi amfani. Ƙwayar toksoplasma da ke kama ƙwaƙwalwar mai ƙanjamau, sai an sa ruwan take fitowa sarai kamar zobe. Haka mugunyar da ta taru a hanta. Hoto ba ruwa na iya zama kuɗi a banza. Shi ruwan ba ya ɗauke da ƙwayar cuta, ba ya kuma rage garkuwar jiki.

Babbar matsalar ita ce ɓoye magani. Kunya kan hana mutum faɗin yana shan maganin ƙanjamau, alhali tenofoba, ɗaya daga cikin magungunan, na iya taɓa ƙoda, kuma ta ƙoda ruwan ke fita. Matan da ke shan "sha-ka-fashe" don ƙiba ma ba su faɗa, ba su san deksametason ke ciki ba, wanda ke karya garkuwa ya kuma danne zazzaɓi. Ga maganin ciwo diklofenak na kemis, ga jiƙe-jiƙe. A zubo su duka a leda a kai wa likita. Mai shan maganin suga metfomin kuwa, in ƙodarsa ta yi rauni, ana iya ce masa ya dakata na awa 48.

Kada a raina gwajin ƙoda. In ma'aunin aikin ƙoda, wato eGFR, ya yi ƙasa da 30, likita kan sake lissafi. Zafin Afrilu a Sakkwato na wuce digiri 40, to kar a taho daga Illela ko Tambuwal da ƙishirwa. In an hana cin abinci kafin hoton, a tambaya ko hanin ya haɗa da shan ruwa.

Jin ɗumi ya ratsa jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki lokacin allurar ba komai ba ne. Ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, wannan a faɗa nan take. In kuma an koma gida wurin da aka sa kanula, wato robar allurar, ya yi ja, ya kumbura ko yana ruwa, a dawo asibiti ranar, ko da jiki bai yi zafi ba.