Darasi: Ƙara Hasken Fitilar Tsohuwar Mota Don Tuƙin Dare

Duk wanda ya daɗe da mota ɗaya ya san wannan. Lokacin da ya saye ta, yana hango ramin hanya tun daga nesa. Yanzu kuwa sai ya sunkuya kan sitiyari, ya kanne ido, ramin ma sai taya ta faɗa ciki yake sanin da shi. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su je su sayi ƙwan fitila mai ƙarfi. Ni kuwa ina so ka ajiye maganar sayen ƙwai tukuna. A tsohuwar mota, sau da yawa hasken yana nan, ɓacewa yake yi a hanya: wani a gilashi, wani a waya, wani kuma yana haska sama maimakon ƙasa. Aikinmu a wannan darasi shi ne mu bi sawunsa.

Me ya sa abin ya dame ni haka? Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ƙaramar wuta, wadda direbobi ke kira dim, ko a mota mai lafiya ba ta kai nisa sosai. Idan hasken ya ragu da rabi, mutumin da ke tafiya a gefen hanya da tufafi masu duhu zai bayyana gabanka a lokacin da birki ba zai isa ba.

Fara da gilashi

Tsaya gaban motarka da rana ka dubi fitilun. Shafa da hannu. Fitilun motocin da suka fi tsufa gilashi ne na gaske, kuma ruwa da sabulu sun ishe su. Amma galibin motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau roba ce mai kama da gilashi. Masana'anta takan shafa mata wani siririn rufi da ke kare ta daga rana. Da shekaru suka ja, rufin ya ƙone, robar ta yi rawaya, ta yi hazo kamar idon da yana ta rufe. A shekarar 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu, ta tarar suna ba da kusan kashi 20 cikin 100 kacal na hasken sabuwar fitila. Ka ga ko wane irin ƙwai ka sa a bayan wannan hazo, asara ce.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri yake so. Wanke fitilar. Manna tef a jikin motar kewaye da ita don kada ka kankare fenti. Jiƙa samfefa mai lamba 800 ka goga, hannunka yana tafiya gefe zuwa gefe, kana yayyafa ruwa a kai a kai. Za ka ga ruwan da ke gangarowa ya yi rawaya. Ci gaba har ya koma fari kamar madara. A nan fitilar za ta fi dā muni, har gabanka ya faɗi. Kada ka tsorata, haka ake so. Koma lamba 1500 ka goga daga sama zuwa ƙasa, sannan 2000, sannan 3000 in ka samu. Ka lura: idan lambar ta ƙaru, samfefar ta ƙara laushi ke nan. Daga nan sai man goge fenti da tsumma mai taushi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Tunda ka kankare tsohon rufin, dole ka fesa sabo mai kare roba daga rana. In ba ka yi ba, cikin 'yan watanni rawayar za ta dawo.

Leƙa ciki kuma. Bayan ƙwan akwai kwano mai sheƙi kamar madubi, shi ke tattara haske ya jefa shi gaba. Idan ka ga raɓa ko ruwa a ciki, akwai tsagewa ko murfin baya ya ɓace, sai a toshe. Idan kwanon ya dushe ko ya ɓaɓɓare, kada ka sa tsumma, domin sheƙin siriri ne ƙwarai, goguwa ɗaya ta tafi da shi. Irin wannan fitila canji take so.

Wutar da ke isa ga ƙwai

Nan ne zan fi daɗewa, don nan ne tsofaffin motoci suka fi ciwo, kuma ido ba ya gani.

Ana cewa batirin mota volt 12 ne. Volt shi ne ma'aunin ƙarfin turawar wuta. Idan inji yana aiki, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, na caji, ya kamata a ga tsakanin volt 13.5 da 14.5 a kan batir. To amma nawa ke isa ga ƙwan? A motoci da yawa na dā, wutar takan tashi daga batir, ta shiga cikin mota, ta bi ta makunnin da ke gefen sitiyari, sannan ta dawo gaba ta siraran wayoyi. Kowace mahaɗa da ta yi tsatsa tana cin nata rabo. Kamar ruwa ne a tiyo mai huji da yawa, abin da ke fita a baki kaɗan ne.

Ƙwan halojin, wato ƙwai mai zare a ciki da galibin tsofaffin motoci ke amfani da shi, ba ya yafe wannan. Idan wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske yakan ragu da kusan kashi 30. Wato asarar volt ɗaya da ɗan wani abu tana iya cinye kusan sulusin haskenka.

Ga yadda ake ganewa. Nemi mitar auna wuta, ko ka je wurin mai gyaran wayar mota ka ce ya auna a gabanka. A tayar da inji, a kunna fitila. A auna a kan batir, a rubuta. Sannan a auna a soket ɗin ƙwan, yana kunne, a rubuta. Cire ƙaramar lamba daga babbar. Misali, batir 14.2, soket 12.9, bambanci 1.3. Duk bambancin da ya wuce rabin volt yana nufin akwai inda wuta ke zuba. Idan kuwa a kan batir ɗin ma ba ta kai 13.5 ba, a fara duba altaneta da bel ɗinta.

Wuri na farko da za a duba shi ne wayar da ke komawa jikin mota. Yawanci baƙa ce ko ruwan ƙasa, an ɗaure ta da noti kusa da fitila. Cire kan batir mai alamar ragi (−) kafin ka taɓa komai. Kwance notin, kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam. Na sha ganin fitilar da ta farfaɗo da wannan kaɗai. Haka za ka tsabtace kawunan batir da bakin soket.

Idan asarar ba ta tafi ba, maganinta rile. Rile ɗan ƙaramin akwati ne da ke aiki kamar mai gadin ƙofa. Ana jawo waya mai kauri kai tsaye daga batir zuwa fitila, a sa rile a tsakani. Makunnin sitiyari ba ya ɗaukar nauyin wutar kuma, umarni kawai yake aika wa rile ya buɗe. Ana sa biyu, ɗaya na dim, ɗaya na ful, wato babbar wuta. Roƙona ɗaya: kada ka yarda a ja wannan waya ba tare da fis kusa da batir ba. Wayar da ba ta da fis, ranar da ta goge a jikin ƙarfe, gobara ce.

Yanzu sai maganar ƙwai

Ƙwan halojin yana dushewa tun kafin ya mutu. Idan naka ya yi shekaru, canja shi, kuma ka canja biyun tare don hasken ya daidaita. Karanta rubutun da ke gindinsa. Za ka ga suna kamar H1, H4 ko H7, da lambar watt, wato ma'aunin wutar da ƙwan ke ci. H4 yana da zare biyu a ciki, shi ya sa ake rubuta 60/55W: 60 na ful, 55 na dim. Sayi irinsa daidai. Kada ka kama gilashin sabon ƙwai da yatsa. Maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima, ƙwan ya mutu da wuri. Riƙe shi ta gindi, ka tabbata ya zauna daram a mazauninsa, domin ƙwan da ya karkace yana watsa haske ko'ina.

Ni kaina na taɓa faɗawa tarkon babban ƙwai. Wani mai sayar da kaya ya ba ni mai watt 100, ya ce dare zai zama rana. Kwanaki kaɗan na ji daɗi. Wani dare ina cikin tafiya sai na ji ƙaurin roba, fitilar hagu ta ɗauke. Da safe na buɗe bonet, na tarar soket ya narke ya manne da gindin ƙwan, wayar ta yi baƙi. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Ƙwai mai watt 55 yana jan kusan amfiya 4 da rabi, mai watt 100 kuwa sama da 8. Wayar ba a yi ta don wannan nauyi ba. Ƙasashe da yawa ma sun hana amfani da irinsa a kan titi.

Ƙwai mai shuɗin gilashi yana burge ido, amma shuɗin tace haske yake yi, ba ya ƙarawa. Shi kuma ƙwan zamani mai farin haske, LED, da ake cusawa cikin fitilar da aka ƙera don halojin, sau da yawa haskensa ba ya fitowa daga daidai inda kwanon ke jira. Kai za ka ga gabanka ya yi fari fat, amma nesa duhu, mai tahowa kuma ka makantar da shi. Direban da ka kashe wa ido, kanka zai nufo.

Saita fitila da bango

Wannan ba ya cin komai sai alli da awo. Nemi fili mai shimfiɗe da bango a gabansa, da yamma. Tayoyi su kasance da iska daidai, but ɗin mota kuma babu kaya mai nauyi. Matso da mota dab da bango. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, ka ja layi a bango a wannan tsayi, ka yi alama daidai kowace fitila. Ja da baya a miƙe har mita 10. Kunna dim.

Dubi inda haske ya yanke a sama. A jikin fitilu da yawa akwai ɗan rubutu kamar 1.0% ko 1.2%. Ma'anar 1.0% ita ce a nisan mita 10, bakin hasken ya sauka santimita 10 ƙasa da layinka. In 1.2% ne, santimita 12. A bayan fitila akwai sukurori biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Wani ya tare fitila ɗaya da kwali, kai kana juya na ɗayar a hankali.

Za ka lura bakin hasken yana ɗagawa ta gefe ɗaya. An yi haka ne don ya haska gefen hanya da alluna. A ƙasashen da ake tuƙi ta hannun dama, ya kamata ya ɗaga ta dama. Motar da aka ƙera don Japan ko Ingila, inda ake bin hagu, nata yana ɗagawa ta hagu. In aka kai ta inda ake bin dama, cikin idon masu tahowa zai shiga, kuma sukuri ba ya gyara wannan, sai an canja fitilar.

Kafin ka tashi, goge gilashin gaba ta ciki. Dattin da ke kwanciya a nan ba ya nuna da rana, da dare ne yake baza hasken kowace mota a fuskarka. Idan kuma an gyara komai amma har yanzu kana ganin hazo kewaye da fitilu, je a duba idonka, musamman in shekaru sun fara ja.

Aikin yi

Rubuta a littafinka sunan ƙwan motarka, ko na wata mota da ka samu izinin dubawa, da lambar watt ɗinsa. Sannan ka lissafa waɗannan. An auna batir an sami volt 14.0, an auna soket an sami 12.8. Nawa ne bambancin, kuma ya wuce rabin volt ko bai wuce ba? Fitila tana da tsayin santimita 65 daga ƙasa, an rubuta 1.0% a jikinta. A nisan mita 10, a wane tsayi bakin hasken zai tsaya a bango?