Ƙanwata, kafin ki ce wa ungozoma "to" a sati na 39

Sau uku ke nan cikin 'yan watannin nan waya tana tashina cikin dare a kan magana ɗaya. Yarinya sabuwar zuwa Ingila, ciki ya tsufa, ta je awo da rana an yi mata wani abu da ba ta san sunansa ba, yanzu ga jini ta gani, mara na murɗawa, miji ya ruɗe. In na tambaye ta me ungozoma ta ce kafin ta taɓa ta, sai in ji, "Anti, ta dai yi magana da sauri, ni kuma na ce to." Wannan "to" ɗin ni ma na faɗe ta a cikina na fari, ita ce kuma ta zaunar da ni rubuta wannan.

Matakan farko ba za su wahalar da ke ba. Ki yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, ko ki tura sunanki kai tsaye sashen masu ciki na asibitin da ke kusa da ke. An fi so a yi awon farko kafin sati 10. Za a yi miki hoton ciki wajen sati 12, a sake wajen sati 20. Ki tuna wa ungozoma takardar da ke ɗauke wa mai ciki kuɗin magani har jariri ya shekara. Kuma ba a korar mai ciki daga asibiti saboda matsalar takardun zama, ko da daga baya maganar biya za ta taso. Wannan duk matanmu na nan sun iya, kowa kika tambaya za ta nuna miki hanya.

Inda ake tuntuɓe shi ne ƙarshen ciki. Da kin haura sati 39 za ki ji ungozoma ta ambaci wata kalma, "suwip", ma'ana shara. Ki riƙe kalmar nan da kyau, domin cikin hira za ta jefo ta, tana auna miki jini ko tana rubutu.

Ga abin da ake nufi. Jariri yana kwance ne cikin jakar ruwa, wato faya, tantanin jakar kuma yana manne da bangon mahaifa ta ƙasa. Ungozoma ko likita za ta sa safar hannu, ta shigar da yatsa ta gabanki har cikin bakin mahaifa, ta zagaya da shi don ta ɗan ɓamɓare tantanin daga inda ya manne. Wannan ɓamɓarewar kan sa jiki ya saki wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda aikinsa shi ne tausasa bakin mahaifa da tayar da naƙuda. Babu allura, babu magani, ba a kwantar da ke, cikin 'yan mintoci an gama kin koma gida. In bakin mahaifar a rufe yake ruf yatsa ba zai shiga ba, sai dai ta ɗan murza shi daga waje, ko ta ce a sake gwadawa wata rana. Kuma shara daban, fasa faya daban. Kada ki haɗa su, ko da yake wani lokaci faya kan fashe ana cikin sharar ba da niyya ba.

Ni a nawa, ina sati 40 da kwana biyu, ban daɗe a ƙasar ba, Turancina na karatu ne, kunnena bai saba da saurin bakinsu ba. Ungozomar ta yi mini tambaya, na tsinci kalmar dubawa kawai a ciki, na gyaɗa kai. Na ɗauka irin dubawar da aka saba ce. Sai na ji zafin da ban shirya masa ba, na ƙanƙame gefen gado, hawaye na zuba, amma ban ce ta tsaya ba, domin a lokacin ban san ina da ikon cewa a tsaya ba. Ita kuma ta ga na yi shiru ta ci gaba. Da na koma gida ban gaya wa mijina ba, kunya ta hana ni, kuma ko na so faɗa ban san me zan ce an yi mini ba. Wajen ƙarfe biyun dare na shiga banɗaki na ga majina haɗe da jini. Allah ya sani, a daren nan na gama yanke cewa ɗana ya mutu. Muka kwasa sai asibiti, aka ɗaura mini na'ura a ciki, bugun zuciyar yaro lafiya lau. Wata ungozoma ta buɗe bayanan awona ta ce ai an yi mini shara da rana, wannan ɗan jinin abu ne da ake tsammani. A nan na fara jin sunan abin da aka yi a jikina, bayan awa goma sha biyu da yin sa. Har yau ina ganin ungozomar farko ta gaza, domin gyaɗa kan macen da ba ta fahimta ba bai zama izini ba. Amma da na san abin da na sani yanzu, da na ce mata ta maimaita a hankali.

Doka tana bayanki a nan. Tun hukuncin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2015 a shari'ar Montgomery, wadda ita ma a kan haihuwa aka yi ta, wajibi ne ma'aikacin lafiya ya bayyana miki haɗarin abin da zai yi da kuma sauran hanyoyin da ke akwai, ke ce mai zaɓi. Ƙa'idar tayar da naƙuda da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ta fitar a 2021 ita ma ta ce a tattauna shara da mace bayan sati 39, a gaya mata za ta iya jin zafi ta ga jini, a kuma nemi yardarta kafin a yi. Tayi ake miki. Kina iya karɓa, kina iya cewa sai sati mai zuwa, kina iya ƙi gaba ɗaya, kuma ko an fara kina iya cewa a dakata. Idan za a duba ki ta ƙasa don wani dalili, ki faɗa da bakinki tun kafin ki kwanta: dubawa kawai na yarda, ban da shara. Tafinta kyauta ne, ki nema tun ranar da ake ba ki lokacin awo. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yarinyar da za ta ƙi neman tafinta don kada a ce ba ta iya Turanci ba, ko ta bar wa miji fassara, shi kuma ya tsallake rabin maganar saboda nauyin bakinsa. Kina da damar neman mace ta duba ki, da neman wata ta tsaya kusa da ke.

To, yana aiki kuwa? Wani lokaci. Wani tsohon nazari na ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana auna shi, ya ƙiyasta cewa sai an yi wa mata kusan 8 shara kafin ɗaya ta tsira daga tayar da naƙuda da magani saboda sharar. Da suka sabunta nazarin a 2020, suka haɗa bincike 44 da ya ƙunshi mata 6,940, sun ga alamar yana ƙara yiwuwar naƙuda ta zo da kanta, amma sun ce hujjar ba ta da ƙarfi sosai. In zai yi aiki, galibi cikin kwana biyu ake ganin alama. Saboda haka kada ki kwana kina kuka don an yi miki bai tayar da komai ba. A cikina na biyu ni da kaina na nema, na tambayi duk abin da nake so, na ja numfashi a hankali yadda aka nuna mini, zafin bai kai rabin na farko ba, kuma naƙuda ba ta zo ba sai da aka sake yi. A ra'ayina ya cancanci gwadawa ga wadda cikinta ya wuce lokaci, domin abin da ke gaba ya fi shi nauyi: maganin da ake cusawa a farji ko 'yar balan-balan da ake sawa a bakin mahaifa, sannan fasa faya, sannan ƙarin ruwan naƙuda, abin da kan iya cin kwanaki a asibiti.

Akwai waɗanda ba a yi wa. Idan hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, taɓa wurin na iya jawo zubar jini mai haɗari. Wadda aka ce mata mabiyiyarta tana ƙasa a hoton sati 20, akan sake mata hoto wajen sati 32, ki tabbatar an yi kuma kin ji sakamakon. Wannan ya fi shafar wadda ta iso ƙasar da tsohon ciki ba ta da bayanan awonta na baya a hannu, ki faɗa musu gaskiyar abin da aka yi miki da wanda ba a yi ba. Haka idan faya ta riga ta fashe, ko kina zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba, ko yaro bai juyo da kai ƙasa ba, ko an riga an sa miki ranar tiyata.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda shi ma yake ci mini rai. Wasu sun ji labarai a WhatsApp cewa asibitocin nan gaggawar fito da 'ya'yan baƙaƙen fata suke yi, sai su daina zuwa awo da zarar an ambaci shara. Na san tushen tsoron. A 2021, daftarin farko na ƙa'idar NICE ya kawo shawarar a duba tayar wa mata baƙaƙe da 'yan Asiya naƙuda tun sati 39, mata da ungozomomi suka yi ca, aka cire shi daga ƙa'idar ƙarshe. Ina alfahari da matan da suka ɗaga murya a lokacin. Rahotannin MBRRACE, masu bibiyar mutuwar mata masu ciki da jarirai a Birtaniya, kuma sun shekara da shekaru suna nuna mace baƙa ta fi farar fata haɗarin mutuwa a sanadin ciki da haihuwa a wannan ƙasa. Amma ɓuya a gida ƙara haɗarin yake yi. Jariran da ke zuwa daidai ranar da aka ƙiyasta ba su wuce biyar cikin ɗari ba, don haka wuce ranar da kwana kaɗan ba abin tashin hankali ba ne. Sai dai daga sati 41 haɗarin rasa jariri a ciki yana ƙaruwa, musamman in an doshi sati 42, shi ya sa a nan ake tayin tayar da naƙuda. In kin ƙi shara ko maganin naƙuda, ki je ki faɗa musu ido da ido, ki nemi a riƙa duba bugun zuciyar yaron da yawan ruwan da yake ciki.

Bayan an yi miki, ɗigon jini kaɗan, majina, ciwon mara mai zuwa yana tafiya, duk ana tsammaninsu. Ki sa audugar mata don ki ga launin abin da ke fita da yawansa. Amma ki kira sashen haihuwa nan take, dare ko rana, idan jini ja yana zuba kamar na al'ada, ko ruwa ya ɓalle, musamman in kore ne ko ƙasa-ƙasa, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko ciwo ya ɗore ba ya sassautawa, ko motsin yaro ya ragu ko ya canza. Maganar motsi ba a jira da ita gari ya waye. Lambar sashen tana cikin bayanan awonki, ki sa ta a wayarki da ta mijinki tun yau. In jinin ya yi yawa har kina jin jiri, 999 za ku kira, ni ku neme ni bayan motar asibiti ta taso.