Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Samfurin Tsohuwar Mota Ya Fito Daidai da Ta Gaske

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san motar kara da motar langa-langa, waɗanda yara ke ƙerawa da ido kawai, su yanko tayoyi daga tsohon silifa, su ɗaura zare su bi lungu da ita. Haɗa samfurin mota na cikin kwali ɗan'uwan wancan wasa ne, sai dai shi ba a yarda da ido a cikinsa, awo ne yake mulki. Kamfanoni irin su Tamiya da Hasegawa na Japan, da Revell, da Italeri na Italiya, da Heller na Faransa suna zuba sassan mota da roba mai tauri, kowane sashe manne a jikin firam ɗinsa da lambarsa, su haɗo da takardar umarni, gilasai, tayoyi da tambura, wato ƙananan rubutu da alamomin da ake liƙawa a jikin motar. Aikin mai haɗawa shi ne ya cire, ya gyara, ya manna, ya fenta, har abin ya zama idan aka ɗauke shi hoto daga kusa, tsohon direba zai iya faɗin shekarar motar.

Abin da za a fara ganewa shi ne lambar da ke jikin kwalin. Idan an rubuta 1:24, ana nufin kowane awo na motar gaske an raba shi gida 24. Volkswagen Beetle, wadda ake kira kunkuru, tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayarta ta gaba da ta baya mita 2.4 ce, don haka a samfurin dole ta zama santimita 10 cif. Ta Peugeot 504 kuwa mita 2.74 ce, wato milimita 114 ke nan. Kamfanonin Amurka irin su AMT sun fi amfani da 1:25, motocin soja galibi 1:35 ne, ƙananan na ajiya kuma 1:43. Bambancin 1:24 da 1:25 kamar ba komai ba ne, amma a mota mai tsawon mita 4.5 ya haura rabin santimita, kuma idan aka jera su a kanta ɗaya ido yana kama shi. Shawarata ga mai farawa ita ce 1:24, domin sassan suna kamuwa a hannu, kuma motocin da muka sani sun fi samuwa a wannan sikeli: Tamiya na da Beetle ƙirar 1966, Italeri da Revell kuma kowannensu na da Land Rover Series III mai dogon jiki.

Wannan lissafi na raba gida 24 ba a kwali yake ƙarewa ba, ya kamata ya zauna a kan mai aiki har ya gama. Fentin da ya taru ya kai kaurin rabin milimita daidai yake da milimita 12 a motar gaske, kuma babu motar da aka taɓa shafa wa fenti mai kaurin yatsa. Wayar fulogi ta gaske kaurinta kusan milimita 7 ne, saboda haka wayar da za ta wakilce ta bai kamata ta wuce milimita 0.3 ba, irin wadda ake samu idan aka fere tsohuwar wayar caja. Yawancin samfuran da ke fitowa kamar kayan wasan yara ba rashin ƙoƙari ne ya jawo ba, kauri ne ya yi yawa a inda ya kamata a sami siranta.

Kafin a yanke ko sashe ɗaya, sai a yanke shawarar wace mota ake ginawa, kuma a nan ne nake ganin aikin yake tsayawa ko ya faɗi. Hoton jikin kwali yana nuna motar yadda take a Jamus ko Ingila, mu kuwa abin da ke ranmu shi ne motar da ta bi titin Murtala Mohammed ko ta tsaya a bakin Kasuwar Sabon Gari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Ma'anar wannan ga mai samfuri ita ce, motar da aka shigo da ita kafin wannan rana galibi sitiyarinta a dama yake, wadda aka sayo sabuwa bayan nan kuma a hagu. Wasu kwalayen suna zuwa da dashbod iri biyu, wasu da ɗaya tak, don haka a buɗe a duba, kuma kada a manta cewa waifa da madubin gefe su ma suna bin ɓangaren direba. Haka nan Beetle ta 1966 fitilunta na gaba a kishingiɗe suke cikin murfin gilashi, alhali daga wajajen 1967 aka miƙar da su tsaye, daga baya kuma bamba da fitilun baya suka canja. Wanda yake son kwatanta Beetle irin wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, ba zai ɗauki kwalin 1966 ya fenta kawai ya ce ya gama ba.

Hanyar samun gaskiyar waɗannan abubuwa a Kano ba ta da wuya. Akwai tsofaffin hotunan biki da na tafiya aikin Hajji a gidaje, inda mota ke tsaye a bayan mutane, kuma daga nan ake ganin launi da tsarin lambar mota ta da mai farawa da KN. Akwai kuma garejin tsofaffin makanikai da 'yan kayan gyara na Ƙofar Ruwa, inda har yanzu ake cin karo da gawar Fijo 404 a-kori-kura ko 504 irin wadda kamfanin PAN na Kaduna ya haɗa. A je da tef na awo da waya, a yi sallama, a ce, "Baba, izini nake nema in auna wannan motar," sannan a ɗauki hoto ta gaba, ta baya, ta gefe da ƙarƙashi. Sau da yawa dattijon da kansa zai faɗi abin da babu shi a takardar kwali, kamar inda ake ɗaura safaya ko irin kariyar da ake ƙarawa a kan rufi.

Kayan aiki ba su da yawa. Ana bukatar ƙaramar filaya mai yanka, wuƙar aiki mai sabuwar reza, hantsaki, sanfefa mai lamba 400, 600, 1000 da 2000, burushi ƙanana biyu ko uku, da tef na takarda. Hantsaki mai siririn baki da gilashin ƙara girma ana samunsu wajen masu kayan gyaran waya a Farm Centre. Gam kuwa sai an yi hattara. Gam ɗin da aka yi don wannan roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, don haka ɗigo kaɗan ya isa, kuma ba ya kama wurin da fenti ko kurom, wato shafen nan mai ƙyalli kamar azurfa, ya rufe sai an kankare. Sufa gulu yana da amfani wajen haɗa ƙarfe da roba, amma kada ya kusanci gilashi, domin tururinsa yana bar masa farin hazo. Gilasai da fitilu da farin gam na kafinta ake manna su, wanda yake bushewa garau.

A fara da wanke firam ɗin gaba ɗaya da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke-wanke, saboda maiƙon da ke biyo sassan daga masana'anta yana hana fenti zama. Kada a murɗe sashe da hannu. A yanke shi nesa kaɗan da jikinsa, sannan a bi ragowar da wuƙa da sanfefa. Kowane sashe yana da siririn layi a inda gidan zubin ya haɗu, kuma a jikin bodi wannan layi yakan bi ta kan fenda ya gangara kusa da fitila. Idan ba a kankare shi ba, fenti ba zai ɓoye shi ba, tona shi zai yi. Kowane abu a gwada shi a mazauninsa ba tare da gam ba tukuna, musamman shasi da bodi, domin ranar da aka gama fenti ba ranar fara tursasa sassa ba ce. Wajen haɗa ƙafafu, a ɗora shasin a kan gilashi ko tayil mai shafe, a tabbatar tayoyi huɗu sun taɓa ƙasa kafin gam ya kama, a kuma auna tazarar tayoyin da tsayin motar daga ƙasa a gwada da lissafin da aka yi. Motocinmu na da, musamman Land Rover da 504, a ɗage suke, kuma samfurin da ya durƙusa ya riga ya bar kamanninsu.

Fenti shi ne inda yanayin garin nan yake shiga aikin. Da farko dai fentin mota na gaske da tinarsa suna da zafi, suna cin wannan roba. Na taɓa sayen gwangwanin feshi a wani shago aka ce mini zai yi, cikin minti biyu rufin motar ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka, aikin mako biyu ya tafi. Tun daga ranar ba na fesa komai sai na gwada a kan ragowar firam ko bayan cokalin roba. A fara da firaima, wato fentin shimfiɗa da ake sa wa kafin launi, mai launin toka, shafe biyu marasa kauri, a bari ya kwana, a bi shi da sanfefa 1000 da ruwa. Sannan a fesa launi daga nisan santimita 20 zuwa 25, hannu yana tafiya tun kafin a danna har bayan an wuce motar, shafe uku ko huɗu da tazarar kusan minti 15 a tsakani. Shafen farko ya kamata ya zama kamar raɓa, ba ya rufe komai, kuma mai haƙuri a wannan mataki shi ne ke dafa dutse. Kada a ɗora fenti mai zafin tina a kan fentin mai, domin na ƙasan zai tashi ya yi kurji.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce abokiyar gaba. A yayyafa ruwa a ƙasan wurin aiki, a tanadi babbar roba mai murfi ko kwali mai tsabta, da an gama feshi a kife a kan bodin nan take. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa maki 40, fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, sai ya fito da kaushi kamar yashi, don haka a yi feshi da sassafe bayan asuba. A tsakiyar damina kuma, musamman Agusta, laima na sa sheƙin fenti ya dushe. Ko a wane lokaci ne, a yi aikin a tsakar gida ko inda iska ke wucewa, da takunkumi, nesa da murhu da yara. Kada kuma a shanya bodi a rana don ya yi saurin bushewa, ranar Kano tana lanƙwasa roba. A ba shi mako guda a inuwa, sannan idan akwai ƙwayar ƙura a goge ta da sanfefa 2000 da ruwa, a bi da man goge mota kaɗan a kan tsumma mai laushi.

Kurom ɗin da ke zuwa a kwali yawanci ya cika ƙyalli. Ana iya jiƙa sassan a ruwan bilic na wanki har ya saki, a wanke, a fenta baƙi mai sheƙi, sannan a bi da fentin azurfa. Tambura kuma a yanko su ɗaya bayan ɗaya, a tsoma a ruwa mai ɗumi na daƙiƙa 15 ko makamancin haka, a zame su kan wuri mai santsi, a matse ruwan da auduga. A kan fenti mara sheƙi iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsu su yi fari-fari.

Manyan motoci suna da nasu daɗin, domin gingimarin da muka sani, ko Bedford ce, ko Marsandi 911, ko Fiat irin wadda kamfanin NTM ya haɗa a nan Kano, sau da yawa kai da shasi ne na kamfani, bodin katakon kuwa kafintocin gida ne suka yi. Babu kwalin da zai zo da wannan bodi, sai mai samfuri ya ƙera da kansa. Katako mai kaurin santimita 2.5 yana komawa kusan milimita ɗaya, don haka sandunan askirim da aka fere ko siririn falankin ado na kafintoci sun wadatar, kan ƙusoshi kuma a yi su da tsinin allura da ɗigon fenti. Rubutun goshi da zanen furanni da na zaki a bayan mota a kwaikwaye su daga hoton mota ɗaya takamaimai, a rubuta da burushi mafi siranta, a bar ɗan karkacewar hannu yadda mai zanen asali ya bari. Motar da ta yi jigilar gyaɗa ko shanu ba ta fita fes, saboda haka a kankaro alli mai launin ƙasa, a shafa garinsa da busasshen burushi a ƙasan bodi, bayan tayoyi da matakalar direba, a sa ɗan duhun mai kusa da tankin dizal. A tsaya tun ana ganin kamar bai isa ba.

Wajen ajiya, a sa samfurin cikin akwatin gilashi ko kabad mai rufi, nesa da taga. Tayoyin wasu kwalaye na roba mai laushi ne, kuma idan suka daɗe manne da tsirarar robar rim a cikin zafi sukan narkar da ita a hankali, don haka a fenta bakin rim ɗin sosai ko a naɗa masa siririn foyil kafin a sa taya. Idan ƙura ta sami shiga, a kaɗe ta da burushi mai laushi irin na kwalliyar mata, a riƙe motar ta ƙasan shasi, domin madubin gefe da waifa su ne ke fara karyewa.