Darasi na 7: Bashin Unguwa da Uwar Kuɗi

Mai sana'a a cikin unguwa ba baƙi yake sayar wa ba. Maƙwabta ne, surukai ne, waɗanda ake sahu ɗaya da su a masallaci ne. Ko an buɗe sabon shago a bakin titi, ba za su tsallake nasu su tafi can ba. To amma zumuncin nan shi ne ke turo yarinya da kwano da sassafe: "Gwaggo, wai in ji Umma a ba ta ƙosan ɗari biyar, in Baba ya dawo a kawo." Wa zai dubi idon yarinyar ya ce a'a? Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Mu yi lissafi. A ce mai ƙosai ta kashe N6,000 a wake, mai, niƙa, attaruhu, albasa da itace. Ta yi ciniki na N7,500. Uwar kuɗi N6,000 ke nan, riba N1,500. Idan N2,000 daga cikin cinikin bashi ne, a hannunta N5,500 kawai ke akwai. Riba ta tafi, uwa ma an gutsure ta da N500. Gobe dole ta rage awon wake, kuma haka jari ke zagwanyewa ba a yi gobara ba, ba a yi sata ba.

Hana bashi gaba ɗaya ba dabara ba ce, sai dai a kore masu saye a kuma jawo surutu. Gyara ma haka, ƙosai ɗaya da aka ɗora a kai shi ke dawo da mutum gobe. Abin yi shi ne kada bashin yini ya wuce ribar yini. In an kai iyaka, akwai maganar da ba ta ɓata rai: "Yi haƙuri Yaya, wanda ya rage kuɗin mai wake ne."

A kuma rubuta. Suna, rana, adadi, a gaban mai karɓa. Mutane sun fi jin nauyin bashin da suka ga an sa a littafi.

Zubin adashi daga riba ake cire shi. Mai ƙosai ta roƙi uwar adashi kwasarta ta faɗo gab da azumi, lokacin da ƙosai da kunu suka fi tafiya.

Aiki: Rubuta abin da ka kashe jiya da abin da ka sayar. Nawa ne a hannunka, nawa ne a hannun mutane?