Sikana ta ƙi fitowa a Linux? Kar ka yi saurin goge sistam

Abin da ke damuna shi ne mutum ya jona sikana a Ubuntu ko Linux Mint, ya buɗe manhajar sikanin Simple Scan (wadda yanzu ake kira Document Scanner) ta ce ba ta ga komai ba, shikenan sai ya ce ai Linux ba ta iya ba ya koma Windows. Wallahi yawanci matsalar ƙarama ce, abin da ake so ka gano a ina ne maganar ta tsaya, a wayar USB ne, a direba ne (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura), ko izini ne aka hana ka.

Fara buɗe tamina (tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni) ka rubuta lsusb, umarnin da ke jero na'urorin da ke jone ta USB. In na'urarka ta fito a jerin za ka ga lambar kamfani a gaba, Canon 04a9 ce, Epson 04b8, HP 03f0, Brother kuma 04f9. In ba ta fito ba to ɗan'uwa kar ka taɓa direba tukuna, canza waya, canza rami, cire ta daga hub (na'urar da ke ƙara ramukan USB) ka jona kai tsaye, musamman irin Canon LiDE ɗin nan da ba su da wayar wuta sai abin da suke ja daga USB, waya mai araha ba ta kai musu isasshen ƙarfi.

In ta fito, sai a koma kan SANE, shi ne tsarin da kusan duk manhajojin sikanin a Linux ke bi ta kansa. Rubuta sane-find-scanner, sannan scanimage -L. A nan mutane ke ruɗewa, na farkon yana cewa ne akwai abu mai kama da sikana a jone, na biyun ne ke tabbatar da cewa akwai direban da ya san ta. To in scanimage -L ya ce babu, sake gwadawa da sudo a gaba, wato kalmar da ke gudanar da umarni da cikakken izini. Ta fito da sudo amma ba ta fito ba tare da shi ba? Alhamdulillahi, direba lafiya lau, izini ne kawai. Sa kanka a rukuni da sudo usermod -aG scanner,lp sai sunan akawun ɗinka, ka fita ka sake shiga, don in ba ka fita ba canjin ba zai kama ba kuma za ka yi ta zargin abin da bai da laifi.

In ko da sudo ba ta fito ba, buɗe /etc/sane.d/dll.conf ka duba ko an sa alamar # a gaban sunan direbanka, in an sa to a kashe yake, sai ka cire ta. Yawancin Canon masu firinta pixma suke amfani da shi, tsofaffin LiDE kamar 110 da 210 genesys, HP kuma sai ka saka hplip wanda ke kawo hpaio, wasu samfuran ma sai ka ƙara hp-plugin. Brother daga shafinsu ake ɗauko brscan, kuma tsofaffin fakitinsu kan zuba fayiloli a /usr/lib64/sane alhali Ubuntu na dubawa ne a /usr/lib/x86_64-linux-gnu/sane, sai ka kwafe su can ko ka yi symlink, wato fayil mai nuni zuwa inda suke.

Ni shawarata ga mai sabuwar na'ura da ke da waifai ita ce ya fara gwada sane-airscan kafin ya nemi direban kamfani, yana magana da sikana ta eSCL ko WSD, hanyoyin sikanin ta netwok, ba tare da direba na musamman ba, kawai ka tabbata avahi-daemon, mai gano na'urori a netwok, na aiki kuma fayawol (mai tsaron netwok) bai toshe ƙofarsa ta UDP 5353 ba.

Akwai kuma wadda ke fitowa sau ɗaya sannan ta ɓace a ramin USB 3, gwada SANE_USB_WORKAROUND=1 scanimage -L ko ka mayar da ita ramin USB 2. In duk ya gagara rubuta SANE_DEBUG_DLL=5 scanimage -L, zai nuna maka direbobin da ya yi ƙoƙarin lodawa da wanda ya kasa samu, wannan layin shi za ka bi.